Yaron da ya ci gasa, ya koma gaban malaminsa

  Yau tafiya za mu yi mai nisa, amma ba sai ka ɗora wa jaki mangala ba. Gabas za mu yi, can ƙarshen Asiya, ƙasar da ake kira Koriya ta Kudu. Zan ba ka labarin wani saurayi makaɗi. Ana rubuta sunansa Yunchan Lim, kai kuwa ka karanta shi Yuncan Lim.

Na san abin da za ka ce. Ina ruwan malamin yaƙi da jahilci da makaɗin Koriya? Ni ma da farko haka na ce. Amma labarin yaron nan ya gyara mini wani kuskure da na daɗe ina yi cikin aikina, shi ya sa na ga bai kamata in ɓoye maka shi ba. Karanta a hankali. In ka gaji ka ajiye, gobe ka ɗora.

Yadda na fara ganinsa

Bayan damina ta 2022 aka tara mu birni domin ƙarin horo na malamai. Wata rana da dare, mun ci tuwo muna shan iska a tsakar gida, sai wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa ya ce: "Malam, dubi wannan yaro." Na duba. Wani saurayi ne siriri, gashi ya rufe masa goshi, yana zaune gaban wani baƙin akwati babba. Kusa da shi makaɗa ne masu yawa, maza da mata, kowa da abin kiɗansa. Gabansu wata mace ce tsaye da ƴar sanda a hannu, tana ba su umarni.

Gaskiya zan gaya maka, kunnena bai gane kiɗan ba. Kunnen da ya tashi da gurmi da kalangu bai san inda zai kama wannan ba. Babu waƙa, babu kirari, babu mai rawa. Amma idona ya ga abu biyu. Na farko, wajen minti 40 yaron yana kiɗa babu takarda gabansa, alhali sauran makaɗan kowa na duban tasa. Na biyu, da aka gama, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, matar nan mai sanda kuwa ta share hawaye.

Na ce a raina: wannan yaro, wa ya koya masa? Ka san kowa da inda hankalinsa yake zuwa. Mahauci in ya ga sa, nama yake gani. Malami in ya ga gwani, wanda ya koya wa gwanin yake nema. Tun daga ranar nake bin labarinsa.

Mene ne piyano?

Baƙin akwatin nan sunansa piyano. Wani ɗan Italiya mai suna Cristofori ne ya ƙera na farko, wajen shekarar 1700. Babban piyano irin na dandali tsawonsa ya kusa mitir 3, nauyinsa ya kusa kilo 500, wato buhun gero biyar na kilo ɗari-ɗari. Cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200. Gurmi tsirkiyarsa biyu ko uku, goge kuwa ɗaya. To, ka kwatanta.

Makaɗi ba ya taɓa tsirkiya da hannu. Gabansa akwai madannai 88 jere kamar haƙora, 52 farare, 36 baƙaƙe. In ya danna ɗaya, sai wata ƴar guduma mai laushin kai ta bugi tsirkiya daga ciki. In ya danna da ƙarfi, sauti ya fito da ƙarfi. In ya danna a hankali, ya fito kamar raɗa. Madannan hagu muryarsu kauri gare ta, na dama kuwa siririya. Yatsu goma duka suna aiki. Hannun hagu na faɗin tasa, na dama na faɗin tasa, ƙafa kuma tana taka wasu ƙarafa uku da ke ƙasa.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki: wannan kiɗa rubuta shi ake yi. Ana jan layi biyar a kwance, a sa ɗigo a kansu da tsakaninsu. Ɗigon da ke sama sautinsa siriri, na ƙasa mai kauri. Siffar ɗigon ita ke nuna ko a daɗe a kansa ko a wuce da sauri. Sannan ana yanka layukan da ƴan sanduna a tsaye, a raba su gaɓa-gaɓa, kamar yadda mai lambu yake raba ƙasarsa fangali-fangali. Riƙe wannan kalma ta gaɓa, za mu dawo kanta.

Saboda rubutun nan, mutumin da ya rasu sama da shekara 170 da suka wuce, yau yaro a Koriya zai buɗe takardarsa ya kaɗa abin da ya tsara, alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Ke nan mai koyon piyano karatu biyu gare shi: na baƙaƙen harshensa, da na ɗigon kiɗa.

Ƙasar da ya fito

Koriya ta Kudu ƙarama ce. In ka raba Nijar kashi 12, kashi ɗaya ya ɗan fi ta girma. Amma mutanenta sun haura miliyan 50. Babban birninta shi ne Seyul. Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Daga 1950 zuwa 1953 kuma aka yi yaƙi tsakanin Kudu da Arewa, garuruwa suka rushe, talauci ya yi yawa. Da ƙura ta lafa, iyaye suka ɗora fatansu kan karatun ƴaƴansu.

Shi ya sa a can, yaro in ya taso daga lakwal, sau da yawa ba gida yake zama ba. Akwai ƙananan makarantu na kuɗi cikin unguwanni. Wata lissafi ake koyarwa, wata Turanci, wata damben ƙasarsu da ake kira taekwondo, wata kuwa piyano. A wajenmu kiɗa yawanci gado ne, ɗan makaɗi shi ke ɗaukar gangar ubansa. A can ba sai ka gada ba. Ɗan tela, ɗan likita, ɗan direba, kowa na iya shiga.

Piyano ba abin kiɗan kakanninsu ba ne, daga Turai ya zo musu. Amma sun riƙe shi hannu biyu. A 1974 wani saurayinsu mai suna Chung Myung-whun ya zo na biyu a babbar gasar birnin Mosko, aka tarye shi a Seyul da jerin gwanon motoci. A 2015 Seong-Jin Cho ya zo na ɗaya a gasar birnin Warso ta ƙasar Polan. Ka ga, Yuncan ya tarar da turba wadda wasu suka riga suka taka.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 20 ga Maris 2004 a garin Siheung, kusa da Seyul. Ba gadon kiɗa ya yi ba. Yana da shekara 7 iyayensa suka sa shi makarantar piyano ta unguwa, kamar yadda ake sa dubban yara. Manyan makaɗan piyano da yawa tun suna shekara 4 ko 5 suka fara. Ke nan shi bai cikin waɗanda suka yi sammako.

Da shekara ta kewayo, ya shiga makarantar kiɗa ta babban gidan fasaha na Seyul. Yana da shekara 11, a 2015, ya hau dandali cikin wasannin da gidauniyar Kumho ke shirya wa yara masu baiwa. Daga baya ya shiga makarantar Yewon, inda yara ke haɗa karatun boko da koyon kiɗa, zane ko rawa.

Kada ka ɗauka wasa ne. Mai koyon piyano yakan zauna awa da awa kullum, shi kaɗai cikin ɗaki, yana maimaita abu guda. Da fari hannun dama shi kaɗai. Sannan na hagu shi kaɗai. Sannan a haɗa su a hankali, kamar mai koyon tafiya. Sai yatsu sun san hanya da kansu kafin a ƙara sauri. Babu mai tafi, babu mai kallo. In ka ga makaɗi a dandali babu takarda gabansa, ka sani takardar ta riga ta shiga kansa da yatsunsa tun cikin wancan ɗaki.

Malaminsa, da malamin malaminsa

Yana da shekara 13 aka karɓe shi a cibiyar gwamnati ta yara masu baiwa. Can ya haɗu da malamin da na ce ina nema. Sunansa Minsoo Sohn, haifaffen 1976. Shi ma makaɗi ne sananne, ya taɓa cin wata babbar gasa a ƙasar Kanada a 2006.

Sohn a birnin Boston na Amurka ya yi karatu. Ɗaya daga cikin malamansa shi ne Russell Sherman, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 93. Sherman almajirin Eduard Steuermann ne. Steuermann kuwa ya yi karatu wurin Busoni, wani babban makaɗi ɗan Italiya da aka haifa a 1866. Ƙirga ka gani: Busoni, Steuermann, Sherman, Sohn, Yuncan. Mutum biyar, hannu zuwa hannu, daga Turai zuwa Amurka zuwa Koriya. Kai da ka san yadda almajiri yake faɗin wanda ya ba shi karatu, da wanda ya ba malaminsa, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Takarda tana ajiye ɗigo. Amma yadda za a taɓa madanni har sauti ya shiga zuciya, wannan sai an zauna gaban wanda ya sani.

Horon bai tsaya ga yatsu ba. Akwai wani kiɗa da Liszt, makaɗi ɗan Hangari, ya tsara bayan ya karanta littafin Dante, marubucin Italiya da ya rasu a 1321. Da Yuncan zai kaɗa shi, sai ya nemo littafin da harshen Koriya, ya karanta, ya sake karantawa, har da fassara fiye da ɗaya. A ganinsa, wanda bai san abin da mai tsara kiɗan ya karanta ba, bai san abin da zai faɗa da yatsunsa ba.

Daga nan ya fara fita gasa. A 2018 ya je Amurka. A gasar matasa ta birnin Cleveland ya zo na biyu. A wata gasar, cikin wannan shekara, ya zo na uku. Lura da kyau: na biyu da na uku ya fara zuwa. Sai a 2019, yana da shekara 15, ya zo na ɗaya a gasar Isang Yun ta ƙasarsu, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin ta. A 2021 ya shiga jami'ar fasaha ta ƙasa, inda Sohn yake koyarwa a lokacin.

Babbar gasa

A garin Fort Worth, cikin jihar Teksas ta Amurka, ana yin wata gasa bayan kowace shekara huɗu. An fara ta a 1962. An sa mata sunan Van Cliburn, wani makaɗin Amurka da ya je Mosko a 1958 ya ciyo gasa, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke hararar juna.

A 2021 ya kamata a yi gasar, amma cutar korona ta sa aka ɗaga ta zuwa 2022. Dokar gasar ta ce sai mai shekara 18 zuwa 30. Da an yi ta kan lokaci, da Yuncan bai isa shiga ba. Ya cika 18 a watan Maris 2022, aka fara gasa a watan Yuni. Rabo ke nan. Amma rabon ya tarar da shi da shekara 11 na aiki a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutum 388 suka nemi shiga. Aka tace aka ɗauki 30. Daga 30 aka koma 18, daga 18 aka koma 12, daga 12 aka koma 6. A zagayen mutum 12, Yuncan ya zaɓi wasu kaɗe-kaɗe 12 na Liszt waɗanda ake lissafa su cikin mafi wuya da aka taɓa rubuta wa piyano. Makaɗa da yawa ɗaya ko biyu suke ɗauka daga ciki. Shi ya kaɗa su duka a zama ɗaya, sama da awa guda. Sherman, malamin malaminsa, sananne ne kan waɗannan kaɗe-kaɗe. Ka ga inda igiyar ta biyo.

A zagayen ƙarshe ya kaɗa wani babban kiɗa da Rachmaninoff ɗan Rasha ya tsara a 1909, wanda piyano ke yi tare da ƙungiyar makaɗa. Wannan shi ne abin da na gani cikin wayar abokina. Matar nan mai sanda sunanta Marin Alsop, ita ce kuma shugabar alƙalan gasar a 2022.

Ran 18 ga Yuni 2022 aka faɗi sakamako. Yuncan ne na ɗaya, mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin gasar. Ta biyu Anna Geniushene ce ƴar Rasha, na uku Dmytro Choni ɗan Yukiren, alhali ƙasashensu na yaƙi da juna. Ladan na ɗaya dalar Amurka 100,000 ne, wato sama da miliyan 60 na kuɗinmu na sefa a lokacin, tare da shirya masa wasanni na shekara uku. Hoton kiɗansa na ƙarshe an kalle shi a intanet sau sama da miliyan 10.

Bayan nasara

To, mai karatu, ga inda nake so ka buɗe ido. Yaro mai shekara 18 ya sami suna, ya sami kuɗi, manyan biranen duniya na kiransa. Da kai ne, me za ka yi?

Da ya koma Seyul, ƴan jarida suka kewaye shi. Ya nuna musu cewa cin gasa bai ƙara masa iyawa ba, don haka aiki zai ci gaba da yi. Ya kuma taɓa faɗin cewa burinsa shi ne ya shiga duwatsu ya zauna shi da piyanonsa. A 2023 malaminsa Sohn ya koma Boston koyarwa, a makarantar da shi kansa ya yi karatu. Yuncan ya tattara kayansa ya bi shi, ya sa sunansa cikin ɗalibai. Cikin wannan shekara ya yi wasa a Landan da New York, manyan mutane na biyan kuɗi su saurare shi. In ya sauka daga dandali, sai ya koma aji, malami ya ce masa nan bai yi ba, sake.

A watan Afrilu 2024 kamfanin Decca ya fitar da faifansa na kaɗe-kaɗe 24 na Chopin, wanda ake kira Shopan, makaɗin Polan da ya rasu a 1849. Shopan ya tsara su ne domin horon yatsu, amma ya zuba musu daɗi har suka zama abin saurare. A watan Oktoba na wannan shekara faifan ya ci kyautar mujallar Gramophone ta Ingila.

Cikin hirar da ya yi kan faifan ya faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai. Akwai ɗaya cikin kaɗe-kaɗen da ke farawa a hankali, da hannun hagu shi kaɗai. Babu gudu a wurin, babu abin burge jama'a. Yuncan ya ce ya yi awa 7 yana aiki kan gaɓa biyu na farkonsa. Ka tuna gaɓa? Fangali biyu kawai cikin lambu mai faɗi. Abin da ake kaɗawa cikin ƴan daƙiƙoƙi, shi ya ɗauke masa daga hantsi har la'asar. Dalilinsa shi ne, in sautin farko bai taɓa zuciyarsa ba, ba ya wucewa zuwa na biyu.

Abin da aka biya

Ba zan nuna maka zuma in ɓoye maka harbin ba. Wannan hanya tana da tsada. Piyano kuɗi ne, malami kuɗi ne, tafiya gasa kuɗi ce. Cikin dubban yaran da ke shiga makarantun unguwa, ƙalilan ne ke kaiwa dandali. Sauran sun ba da ƙuruciyarsu, ba wanda ya san sunansu.

Jiki ma yana da iyaka. A watan Maris 2024 hannun Yuncan ya gaji, dole ya dakatar da wasanninsa na ɗan lokaci. A 2025 kuma ya gaya wa wata jaridar Italiya cewa ƙarshen zaman karatunsa a Koriya ya yi masa ɗaci ƙwarai, saboda tsananin gasa tsakanin mutane. Wanda ya ci gasa ne da kansa yake kuka da ita. Saboda haka ba ina ce maka ka matsa wa ɗanka har ya rasa barci ba. Tseren wuce wani daban, haƙurin gyara aiki daban. Na farko shi ya ba yaron nan ɗaci. Na biyu shi ya ba shi abin da ya sa waccan mata ta share hawaye.

Kuskurena

Yanzu bari in gaya maka laifina. A wurin horo an koya mana tsara darasi: yau shafi kaza, gobe shafi kaza, a gama littafi kafin ruwan farko ya sauka, jama'a su watse zuwa gona. Ni kuwa na mai da wannan tsari tsere. Burina in gama littafi kafin malamin ƙauyen da ke kusa da mu.

A ranin 2025 akwai wani dattijo cikin ajina, ya haura shekara 60. Baƙi biyu suka tsaya masa: b da d. Kullum sai ya juya cikin ɗaya ya koma ɗayan. In ya so rubuta baki, sai daki ya fito. Ni kuwa sai in gyara masa da alli in wuce, don shafi na gaba na jirana. Wata rana bayan an tashi, ya tsaya ya miƙo mini allonsa ya ce: "Malam, karɓi kayanka. Kaina ya bushe. Kuna gudu, ni kuwa ƙafata ba ta kai ba."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna yaron Koriya da gaɓarsa biyu. Wanda duniya ta ce ya fi kowa bai ji kunyar tsayawa awa 7 wuri ɗaya ba. Malaminsa ma bai kore shi gaba ba. Ni wane ne da zan hana dattijo kwana uku kan baƙi biyu?

Da safe na je gidansa. Na gaishe shi na ce: "Baba, laifin nawa ne, ba naka ba. Ka ba ni la'asar uku." Muka zauna ƙarƙashin bedi. Ban kawo littafi ba. A ƙasa muka rubuta da yatsa. Ranar farko b kaɗai: sanda a tsaye, ciki ya dubi dama. Ya rubuta, ya share, ya rubuta, har rana ta faɗi. Rana ta biyu d kaɗai. Rana ta uku muka haɗa su, a hankali, kamar hannun hagu da na dama. Da ya rubuta baki, ya rubuta daki kusa da shi, ya dube su, sai ya yi dariya ya ce: "Ashe bayansu suka juya wa juna." Ya ƙara ƴar ƙugiya bisa d da kansa, daki ya zama ɗaki.

Ba mu gama littafi a wannan rani ba. Shafi tara suka rage mana da ruwa ya sauka. Malamin ƙauyen da ke kusa ya riga ni, ban kuwa ji zafi ba. Dattijon nan bai bar aji ba, kuma da kaka shi ya rubuta sunansa da hannunsa kan buhunansa.

Yuncan Lim bai san da mu ba, kuma har yanzu kunnena bai gama gane kiɗansa ba. Wani lokaci da dare nakan sa wancan na Shopan mai farawa da hannun hagu, in saurari farkonsa kawai, in mayar, in sake saurare. Kai ma, mai karatu, in akwai layi cikin wannan takarda da ya yi maka gardama, kada ka tsallake shi don kunya. Koma kansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu haƙurin koyo, ya saka wa waɗanda suka koya mana da alheri. Sai mun sake saduwa.